Daga Awo Zuwa Ƙidaya: Tarihin Ma'aunin Wutar Lantarki

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa duba jikin filogin dutsen guga ko na butar dafa ruwa zai ga an rubuta 13A. Haka nan a jikin batirin wayar hannu akan ga wani abu kamar 5000mAh. Akasarinmu mukan wuce waɗannan lambobi ba tare da mun tambayi abin da suke nufi ba. Harafin A da ke cikinsu yana tsaye ne a madadin amfiya, wato ma'aunin da ake gane yawan lantarkin da ke kwarara cikin waya da shi. To, amma mene ne ainihin abin da ke kwararar? Kuma auna shi ake yi ko ƙirgawa?

Bahaushe ya daɗe da bambance abin awo da abin ƙidaya. Hatsi da mudu ake auna shi, domin babu mai zama ya ƙirga ƙwayar gero. Wuri kuwa, a zamanin da ake ciniki da shi, ƙirga shi ake yi komai yawansa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda masanan Turai da Amurka suka share fiye da shekara ɗari suna auna lantarki kamar yadda ake auna hatsi, kafin su tabbatar da cewa ƙwayoyi ne masu ƙirguwa, da kuma yadda sai a shekarar 2019 aka juya al'amarin, ma'aunin kansa ya koma ya dogara a kan ƙidayar.

Ƙaro, gilashi da batir

Kalmar lantarki aro ce daga Ingilishi, shi kuma Ingilishi ya samo ta ne daga harshen Girkawa. Mutanen Girka na dauri suna da wani irin ƙaron itace da ya daɗe a ƙasa har ya daskare ya zama kamar dutsen ado, suna kiransa elektron. Sun lura cewa idan aka goge shi da gashin dabba yakan fizgo ƙaiƙayi da ƙananan gashin tsuntsu. Farisawa ma sun lura da haka, suka raɗa masa suna kahruba, wato mai fizgar ciyawa, kuma daga nan ne Larabawa suka sami kalmar da suke kiran lantarki da ita har gobe. A 1600 William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, ya nuna cewa gilashi da wasu abubuwa da dama ma suna da wannan hali idan aka goge su.

Abin da ke taruwa a jikin ƙaron da aka goga shi ne a yau muke kira caji. A 1733 wani Bafaranshe mai suna Charles du Fay ya gano cewa caji iri biyu ne: masu iri ɗaya suna korar juna, masu iri dabam suna jawo juna. Benjamin Franklin na Amurka, a 1747, ya ce ai abu ɗaya ne, kamar wani ruwa marar nauyi, wanda ya yi wa wani jiki yawa ya kuma yi wa wani ƙaranci. Ya kira na farko mai ƙari, na biyu mai ragi, ya kuma zaɓi gilashin da aka goga da siliki ya zama mai ƙari. Zaɓi ne na ka-cici-ka-cici, domin ba shi da hanyar sanin wanne ne ya samu, wanne ne ya rasa. Bayan shekara 150 aka gano cewa ƙwayoyin da ke tafiya cikin waya masu ragi ne. Shi ya sa har yanzu ɗalibin kimiyya yake zana kibiyar kwararar lantarki tana fuskantar gabas alhali ƙwayoyin yamma suka nufa, kuma babu wanda ya ga amfanin sake buga littattafan duniya saboda wannan.

Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan sojan Faransa, shi ne a 1785 ya auna ƙarfin da ke tsakanin caji biyu da wani sikeli na murɗaɗɗiyar waya siririya, ya nuna cewa in aka ninka tazarar da ke tsakaninsu, ƙarfin yakan ragu zuwa rubu'i. Sai dai cajin zamaninsa tartsatsi ne kawai, ya yi fau ya wuce. A 1800 ne Alessandro Volta na Italiya ya jera faya-fayan tutiya da na tagulla, ya sa kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, ya sami lantarki mai kwarara ba yankewa. Wannan shi ne batir na farko. A 1820 Hans Christian Ørsted na Denmak ya ga allurar kamfas ta karkace da aka kusanto da ita ga waya mai ɗauke da lantarki. Labarin na isa Faris, cikin 'yan makonni André-Marie Ampère ya nuna cewa wayoyi biyu da ke kwance kusa da juna sukan jawo juna idan lantarkinsu ya fuskanci waje guda, su kori juna idan ya saɓa. Daga nan aka sami hanyar auna kwarara: a dubi irin ƙarfin da take yi. Abin da ke kwararar kuwa, babu wanda ya san shi.

Ɗan maƙeri da sikelinsa

Alama ta farko cewa lantarki yana da ƙwayoyi ta fito ne daga hannun mutumin da shi kansa bai so ya yarda da ita ba. Michael Faraday ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1791, ya yi ƙuruciyarsa yana koyon ɗinkin littattafai a Landan, kuma littattafan da ake kawowa ɗinki su ne makarantarsa. A 1813 masanin sinadarai Humphry Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaji. A 1833 da 1834 ya duƙufa a kan abin da ke faruwa idan aka bi da lantarki ta cikin ruwan da aka narkar da wani sinadari a ciki.

Bari mu ɗauki misalin azurfa, domin za mu sake gamuwa da ita a gaba. Idan aka narkar da gishirin azurfa a ruwa, aka tsoma farantan ƙarfe biyu, aka haɗa su da batir, azurfa za ta riƙa fita daga ruwan tana liƙewa a jikin faranti ɗaya. Ka'idar farko da Faraday ya gano ita ce, nauyin abin da ya liƙe yana bin yawan cajin da ya wuce sau da ƙafa. In an ninka kwararar, ko an ninka lokacin, nauyin ya ninku. Ka'ida ta biyu ta fi ban mamaki. Adadin cajin da zai fitar da giram 1 na iskar haidurojin, shi ne dai zai fitar da giram 8 na iskar oksijin, ko kimanin giram 108 na azurfa, kuma waɗannan lambobi su ne masana sinadarai suka riga suka sani a matsayin gwargwadon da abubuwan ke haɗuwa da juna. A lissafin yau wannan adadi na caji kulom 96,485 ne, ana kuma kiransa da sunan Faraday.

Mai karatu ya yi tunanin kwale-kwalen fito inda kowane fasinja yake biyan kuɗi iri ɗaya. Wanda ya san abin da aka tara, ya san adadin waɗanda suka haye. Idan azurfa ƙwayoyin zarra ce, kuma nauyin da ya haye yana bin cajin da ya wuce, to lallai kowace ƙwayar zarra tana ɗauke da rabonta na caji wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Faraday ya hango wannan, amma ya ja da baya, domin a ganinsa maganar ƙwayar zarra zato ne da babu wanda ya tabbatar. Sai bayan shekara 40, a 1874, George Johnstone Stoney na ƙasar Ailan ya tsaya gaban taron masana a Belfast ya ce akwai ƙwayar caji mafi ƙanƙanta, har ya ƙiyasta girmanta. Ƙiyasinsa ya gaza na gaskiya da kusan ninki 16, domin a lokacin ba a san yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin giram ɗaya na abu ba sai dai kirdado. A 1881 Hermann von Helmholtz na Jamus ya maimaita wannan hujja a wata lacca da ya yi a Landan don tunawa da Faraday. A 1891 Stoney ya raɗa wa ƙwayar suna, ya ɗauko tsohuwar kalmar Girkawa ta ƙaro, ya kira ta ilektiron. An yi suna ke nan tun jaririn bai zo ba.

'Yan kasuwa ba su jira ba

Yayin da masana ke wannan muhawara, masu kuɗi sun riga sun zuba dukiya a harkar. Wayar tangarahu ta farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858 ta mutu bayan 'yan makonni, aka yi asara mai yawa, kuma ba a sami mai ɗorewa ba sai a 1866. Ɗaya daga cikin darussan da aka koya shi ne, injiniyoyi ba su da mudu guda. Abin da Bajamushe ya auna ba shi Ba'ingile zai samu ba. A 1861 ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya ta kafa kwamiti a kan ma'aunan lantarki, wanda William Thomson da James Clerk Maxwell suka yi aiki a cikinsa. A 1881 kuma aka yi babban taron masana lantarki na ƙasashen duniya a Faris, inda aka amince da sunayen da muke amfani da su. Ma'aunin kwarara ya zama amfiya don girmama Ampère, ma'aunin caji ya zama kulom don girmama Coulomb.

Dangantakar su biyun mai sauƙi ce. Kulom adadi ne, kamar a ce bokitin ruwa. Amfiya kuwa gudu ne, wato bokiti nawa ke wucewa ta bakin famfo a cikin sakan ɗaya. Idan kulom ɗaya yana wuce wani wuri a jikin waya a kowane sakan, kwararar amfiya ɗaya ce. Idan amfiya 2 ta yi sakan 30 tana gudana, kulom 60 ya wuce.

Saura yadda za a yi kowane ɗakin gwaji ya iya samar da amfiya ɗaya ba tare da ya tambayi wani ba. A taron Shikago na 1893 aka koma wa Faraday. Aka ce amfiya ita ce kwararar da za ta tara giram 0.001118 na azurfa a kowane sakan daga ruwan gishirin azurfa, taron Landan na 1908 kuma ya sake tabbatar da haka. Ashe ke nan duk mai sikeli mai kyau da agogo zai iya auna lantarki.

A nan ne, a ganina, tarihin ya fi daɗi. In aka ɗauki wannan ɗan nauyi na azurfa, wato miligiram 1.118, aka lissafa yawan ƙwayoyin zarra da ke cikinsa da ilimin da muke da shi yanzu, za a sami kimanin 6.24 × 10¹⁸. Kowace ɗaya daga cikinsu ilektiron guda ta karɓa kafin ta bar ruwan ta liƙe a faranti. Wato dattawan da suka zauna a Shikago ilektiron suke ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya, da sikelin azurfa, shekara huɗu kafin wani ya tabbatar da cewa akwai shi. Sun yanka mudu ba su san ƙwaya nawa yake ci ba, ba su ma tabbata hatsin yana da ƙwaya ba.

Ɗigon mai a Shikago

A 1897 J. J. Thomson na Jami'ar Kambirij ya yi nazarin wani haske da ke fita daga ƙarfe a cikin bututun gilashin da aka zuƙe wa iska. Ya karkatar da shi da maganaɗisu da kuma farantai masu caji, ya nuna cewa ƙwayoyi ne masu cajin ragi, kuma iri ɗaya ne ko da wane ƙarfe aka yi amfani. Sun fi ƙwayar zarrar haidurojin rashin nauyi fiye da sau 1,000, adadin da aka daidaita daga baya ya zama kusan 1,836. Sunan da Stoney ya tanada sai ya sami mai shi. Amma abin da Thomson ya auna shi ne gwargwadon caji a kan nauyi, ba cajin shi kaɗai ba. Shi da abokan aikinsa sun gwada auna cajin ta hanyar kallon yadda hazon tururi mai caji ke sauka, sai dai wannan matsakaicin dubban ɗigo yake bayarwa. Wanda ya auna buhun goro ya raba da yawan goron, bai tabbatar da cewa kowane goro girmansa ɗaya da ɗan'uwansa ba.

Robert Millikan na Jami'ar Shikago ya ƙudura sai ya kama ɗigo guda ya auna. A 1909 ya fara da ɗigon ruwa, amma kafin ya gama kallo ya bushe. Da shi da ɗalibinsa Harvey Fletcher suka koma ga mai, irin wanda ake sa wa agogo, domin ba ya saurin bin iska. Suka kafa farantan ƙarfe biyu, ɗaya bisa ɗaya, da tazarar da ba ta kai santimita 2 ba, suka huda ƙaramin rami a na sama. Sai a fesa man da abin fesa turare, ɗigo ƙalilan su faɗo ta ramin, a haska su da fitila, a riƙa kallonsu ta madubin hange kamar taurari a duhun dare.

Da farko akan bar ɗigon ya sauka da nauyinsa, ana riƙe da agogo. Saurin saukarsa ta cikin iska shi ke bayyana girmansa da nauyinsa. Sa'an nan a haɗa farantan da batir mai dubban bolt, sai ɗigon ya juya ya nufi sama, saboda cajin da ya ɗauka wajen fesawa. Saurin hawansa shi ke bayyana yawan cajin. A kashe ya sauko, a kunna ya hau, wani lokaci a shafe sa'o'i a kan ɗigo ɗaya. Can sai a ga saurin hawan ya sauya farat ɗaya, alamar ɗigon ya cafki wata ƙwayar caji daga iska. Abin lura shi ne, sauyin ba ya zuwa a hankali kamar hawan tudu, tsalle yake yi kamar hawan tsani, kuma matakan tsanin duk tsawonsu ɗaya. Cajin ɗigo yakan zama ninki 5 ko 8 ko 17 na wani ƙayyadadden adadi, ba a taɓa samun biyar da rabi ba. A 1913 Millikan ya buga sakamakonsa, wanda a ma'aunin yau ya kama 1.592 × 10⁻¹⁹ na kulom. A 1923 aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

Akwai ƙura a cikin wannan nasara, kuma bai kamata mai tarihi ya share ta ƙarƙashin tabarma ba. Ta farko, maƙalar da ta fara sanar da aikin da sunan Millikan kaɗai ta fito. Cikin wani bayani da aka buga a 1982, bayan rasuwarsa, Fletcher ya ce malamin nasa ne ya zo masa da shawarar a raba: shi ya ɗauki maƙalar caji, ɗalibin ya ɗauki wata da zai nemi digirinsa da ita. Fletcher bai nuna ƙiyayya ba a bayanin nasa, amma mai karatu Bahaushe ba zai rasa tuna kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba. Ta biyu, a maƙalar 1913 Millikan ya kawo ɗigo 58, ya ce bai yi zaɓe a cikinsu ba. A 1978 masanin tarihin kimiyya Gerald Holton ya bincika littattafan ɗakin gwajinsa, ya tarar da wasu ɗigo da yawa da aka auna aka ajiye gefe. Waɗanda suka sake lissafin daga baya sun nuna cewa ko da an haɗa da su adadin ba zai sauya sosai ba. Dalilin ɓoyewar ba ya rasa nasaba da Felix Ehrenhaft na Biyana, wanda tun 1910 yake da'awar ya ga cajin da bai kai na ilektiron ba, kuma duk wani ɗigo mai gardama makami ne a hannunsa. Gaskiya tana wajen Millikan, amma maganar da ya yi cewa bai yi zaɓe ba, ba gaskiya ba ce.

Ta uku ba laifinsa ba ne kai tsaye. Adadinsa ya gaza na ainihi da kimanin kashi 0.6 cikin 100, domin lambar da ya yi amfani da ita ta kaurin iska, wato yadda iska ke riƙe abin da ke ratsa ta, tana da ɗan kuskure. Girman sunansa ya sa aka daɗe ba a taɓa adadin ba, sai a shekarun 1930 bayan wasu gwaje-gwaje na dabam sun ƙi yarda da shi.

Amfiya ɗaya, ƙwaya nawa?

Tunda an san cajin ilektiron ɗaya, sauran aikin na rabawa ne. Cajin ya kama 1.602 × 10⁻¹⁹ na kulom, wato in za a rubuta shi a miƙe, sai an jera sifiri 18 bayan ɗigo kafin a zo ga 16. In aka raba kulom ɗaya da wannan, za a sami kimanin 6.24 × 10¹⁸, wato biliyan sau biliyan har gida shida da 'yan kai. Wannan shi ne yawan ilektiron da ke wuce kowane wuri a jikin waya cikin sakan ɗaya idan kwararar amfiya ɗaya ce. A 2022 aka ƙiyasta mutanen duniya sun kai biliyan 8. Da za a tara su duka, har da jarirai, kowa ya riƙa ƙirga ƙwaya ɗaya a sakan, ba ci ba sha ba barci, sai sun yi kusan shekara 25 kafin su gama ƙirga abin da ya wuce a wannan sakan guda.

Da wannan za mu iya karanta rubutun jikin batirin nan. 5000mAh na nufin amfiya 5 na tsawon awa ɗaya. Awa kuwa sakan 3,600 ce, saboda haka kulom 18,000 ke nan, ko ilektiron kimanin 1.1 × 10²³. Ma'aunin caji ne aka yi masa wata riga. Ba kuma sababbin ƙwayoyi ake ɗura wa batirin idan an jona shi ba, waɗanda ke ciki ne ake mayarwa ɗaya gefen, kamar mai ɗebo ruwa daga gindin tudu yana kaiwa tankin da ke sama.

Wani abin da kan ba ɗalibai mamaki shi ne rashin saurin ƙwayoyin. Tagulla cike take da ilektiron masu yawo, yawansu ya sa ba sa bukatar gaggawa. A cikin wayar da faɗin bakinta ya kai murabba'in milimita ɗaya, mai ɗauke da amfiya ɗaya, abin da suke ci gaba da shi a awa guda bai wuce santimita 26 ba, taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Hawainiya ma ta yi musu fintinkau. Ƙwan lantarki yana kamawa nan take ne saboda turin da ke ratsa wayar yana tafiya da saurin da ya kusanci na haske, kamar tiyon da ke cike da ruwa, ana buɗe famfo ruwa ya fito ta ɗaya bakin. Wutar da ake rabawa gidaje a Nijeriya ma kai-da-komo take yi sau 50 a sakan, don haka ƙwayoyin rawa kawai suke yi a inda suke. Babu ilektiron da ya taso daga Kainji ya iso ɗakin kowa.

Yadda mudu ya koma ƙidaya

Ana iya zaton da zarar an san cajin ilektiron za a ɗora amfiya a kansa. Ba a yi haka ba, domin a lokacin sikeli ya fi ƙidayar daidaito nesa ba kusa ba. Azurfa ce dai aka sallama, saboda ɗakunan gwaji sun riƙa samun 'yan bambance-bambance sakamakon gurɓatar ruwan da kuma ɗan abin da ke maƙalewa cikin azurfar da ta taru. A 1948 babban taron awo da ma'auni na duniya ya koma wa Ampère. Aka ce a ƙaddara wayoyi biyu miƙaƙƙu, marasa iyakar tsawo, marasa kauri, a wurin da babu iska, da tazarar mita ɗaya. Amfiya ita ce kwararar da za ta sa su ja juna da ƙarfin 2 × 10⁻⁷ na niyuton a kowace mita. Wannan ƙarfi bai kai nauyin ƙwayar gero da aka raba gida ɗari ba, kuma wayoyin da aka siffanta babu maƙerin da zai iya ƙera su. Daɗin daɗawa, niyuton ya dogara ne a kan kilogiram, shi kuwa kilogiram wani curin ƙarfe ne da aka kulle a Sèvres kusa da Faris tun 1889. A haka amfiya ta shiga tsarin ma'aunan duniya na 1960.

Mafita ta zo daga wani gefe. A 1962 Brian Josephson, ɗalibi ɗan shekara 22 a Kambirij, ya yi hasashen wani hali na ƙarafan da aka sanyaya matuƙa, wanda ya ba da damar samar da bolt daidai wa daida daga cajin ilektiron da wata lamba ta halitta mai sunan Planck. A 1980 Klaus von Klitzing na Jamus ya gano irin wannan ga turjiya, wato yadda abu ke tare wa lantarki hanya. Wanda ya san ƙarfin turi ya kuma san turjiya, ya san kwarara. Daga 1990 manyan ɗakunan awo suka koma amfani da waɗannan hanyoyi biyu, ma'anar 1948 ta zama ta takarda kawai. A cikin shekarun 1990 kuma aka fara ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin na'urori masu tura ilektiron ɗaya-ɗaya, kamar ƙofar da ba ta barin mutum biyu su wuce tare. Wadda ke tura biliyan ɗaya a sakan, abin da take bayarwa kashi 0.16 ne cikin biliyan na amfiya, don haka sai an haɗa irinta fiye da biliyan 6 kafin a sami amfiya guda. Duk da ƙanƙantar abin, wannan ƙidaya ce ta haƙiƙa.

Ranar 16 ga Nuwamba, 2018, wakilan ƙasashe suka taru a Versailles ta Faransa suka kaɗa ƙuri'a ba tare da ko ɗaya ya saɓa ba. Daga 20 ga Mayu, 2019, ranar da ta yi daidai da zagayowar yarjejeniyar mita ta 1875, aka yi wa curin ƙarfen Sèvres ritaya, aka kuma yanke cewa cajin ilektiron 1.602176634 × 10⁻¹⁹ ne na kulom, ba ƙari ba ragi. Ba za a sake auna shi ba, domin shi ne yanzu abin da ake auna kulom da amfiya da shi. Ƙarfin da ke tsakanin wayoyin nan biyu na 1948, wanda a da aka yanke shi da doka, shi ne ya koma abin da sai an gwada a gani.

Masu taron sun zaɓi wannan lamba ce don kada amfiyar da duniya ta saba da ita ta motsa, kada a ce sai an sauya mita ko fis a gidan kowa. Wannan ya bar wani ɗan saura. In aka raba ɗaya da lambar, abin da ke fitowa shi ne 6,241,509,074,460,762,607 da ɗigo 776 da 'yan kai. Ilektiron kuwa ba ya gutsuruwa. Saboda haka babu wani jiki da zai ɗauki kulom ɗaya cif: ko dai ya gaza da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwaya, ko ya zarce da kusan rubu'inta.